Turaren Lemo Mai Tsada: Ko Zai Iya Da Zafin Bazara?

Duk wanda ya taɓa zama cikin motar haya a watan Afrilu tsakanin Kano da Zariya, ko ya shiga taron biki da tsakar rana a Yola, ya san cewa turaren da ya yi daɗi da hunturu yana iya zama azaba da bazara. Miski da sandal da humra, waɗanda mukan yaba da su sa'ad da gari yake da sanyi, da zarar rana ta take, gumi ya karyo, sai su yi nauyi, su cika wuri, har na kusa ya fara jin kansa yana sarawa. Saboda haka ne masu sayar da turaren ƙasashen waje sukan nuna wa mai saye wani iri dabam idan zafi ya shigo, watau wanda aka gina a kan ƙamshin ɓawon lemo. Sukan ce shi ne turaren zafi, shi ne na manyan mutane, sa'an nan su faɗi kuɗinsa, mai saye ya riƙe baki.

Mun ga ya kamata mu ɗauki guda ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna mu auna shi, domin kada ɗan'uwa ya kai guminsa inda ba zai sami abin da yake tsammani ba. Wanda muka ɗauka shi ne Colonia na kamfanin Acqua di Parma da ke ƙasar Italiya. Kwalbarsa mai cin mililita 100 ta haura dala 100 nesa ba kusa ba a shagunan Turai da Amurka. A nan gida kuwa, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan kwalba guda ta cinye albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci, har da ɗoriya. Abin da ya kai wannan kuɗi ya cancanci a tambaye shi me ya iya.

Kafin mu buɗe kwalbar, bari mu faɗi inda irin wannan turare ya samo asali, gama tarihinsa yana bayyana halinsa. A shekarar 1709 wani mutumin Italiya mai suna Giovanni Maria Farina, wanda ya yi ƙaura zuwa birnin Kolon na ƙasar Jamus, ya soma sayar da wani ruwa mai ƙamshi da ya haɗa da man ɓawon lemo iri iri da ganyaye cikin barasa tsantsa. Ya sa masa sunan birnin da ya karɓe shi, shi ya sa har yau ake rubuta Eau de Cologne a jikin kwalabe, ma'anarsa ruwan Kolon. A wancan zamani Turawa sun saba da turaruka masu nauyi irin su miski da jibda, sai ga wani abu mai sauƙi da yake wartsake mutum kamar ya watsa ruwa. Fadojin sarakuna suka yi rububinsa. Ba shafawa kaɗai ake yi ba, har shansa ake yi da sunan magani, sai a 1810 da Napoleon ya ba da doka cewa duk mai sayar da maganin sha dole ya bayyana abin da ya haɗa. Masu ruwan Kolon ba su so su tona asirin sana'arsu ba, suka daina kiransa magani, suka tsaya a kan turare. Shi kansa Napoleon an san shi da kwarara shi a jiki ba ƙaƙƙautawa. A lura da wannan kalma, kwarara, domin za mu komo kanta. Tun daga farko ba a yi wannan ruwa don a ɗiga ɗigo biyu a wuni da shi ba.

Colonia ya zo daga baya, a 1916, a garin Parma da ke arewacin Italiya, ta hannun wani mai suna Carlo Magnani. Teloli masu ɗinka wa attajirai kwat sukan fesa shi a jikin tufa kafin su miƙa wa mai ita, ta haka sunansa ya bazu. Ya yi tashe tsakanin shekarun 1930 da 1950, sa'an nan kasuwarsa ta kwanta, har sai da wasu 'yan kasuwa uku na Italiya suka saye kamfanin a 1993 suka farfaɗo da shi. A 2001 babban kamfanin nan na Faransa, LVMH, mai Louis Vuitton da turarukan Dior, ya sa hannu a cikinsa, yau kuwa nasa ne. Kwalinsa rawaya ne mai zagaye kamar ƙaramar ganga, murfin kwalbar baƙi, ba wani ado na a zo a gani.

ABIN DA KE CIKIN KWALBAR

Kamfanin ya ce a sama akwai lemun tsami babba irin na Turai, da lemun zaƙi, da bargamot. A tsakiya akwai labanda, da wardin Bulgeriya, da rosmeri, da wani ganye mai ƙamshin lemo da ake kira barbina. A ƙasa kuwa akwai sandal, da fachuli, da saiwar betiba. Wannan ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce a wurinmu, gama 'yar'uwar jema ce, ciyawar fadama da iyayenmu suka san ƙamshin saiwarta, sai dai wadda masu turare suke amfani da ita daga Haiti da Indiya da Indunusiya take fitowa.

Bargamot ne ya kamata mu daɗe a kansa, domin shi ne ƙashin bayan duk wani ruwan Kolon. Wani ɗan lemo ne mai girman lemun zaƙi, kore yana juyawa rawaya idan ya nuna, cikinsa da tsami da ɗaci har ba a shansa haka nan. Ɓawonsa ake nema. Wanda ya taɓa shan shayin Earl Grey ya riga ya san ƙamshinsa, gama da shi ake ƙamsasa wannan shayi. Abin mamaki shi ne, mafi yawan man bargamot da duniya take amfani da shi daga wani siririn yanki guda yake fitowa, a bakin teku kusa da birnin Reggio a lardin Kalabriya, can ƙarshen kudancin Italiya. Ana noma kaɗan a Kwaddibuwa da wasu wurare, amma na Kalabriya ne masu turare suke ba girma, har Tarayyar Turai ta ba sunansa kariya a 2001 don kada wani ya sayar da na wani wuri da wannan suna. Ana tsinkarsa daga Nuwamba zuwa wajen Maris. A dā da hannu ake matse ɓawon a jikin soso, a tara man ɗigo ɗigo, sai a 1844 wani mutumin yankin mai suna Nicola Barillà ya ƙera injin da yake kankare ɓawon. Ana bukatar kimanin kilo 200 na 'ya'yan kafin a sami kilo 1 na mai.

Ba a dafa wannan mai, ba a turara shi, matsewa kawai ake yi. Kowane yaro da ya taɓa lanƙwasa ɓawon lemo kusa da fitila ya ga wuta ta yi tartsatsi ya ga wannan mai da idonsa. Shi ne kuma ƙamshin da yake tashi a gaban tiren mai fere lemo a tasha. Wannan ne sirrin daɗinsa, ƙamshin ɗanyen abu ne da bai ga wuta ba. Shi ne kuma tushen rauninsa, kamar yadda za mu gani.

Idan aka fesa Colonia a wuyan hannu, abin da yake fara bugun hanci shi ne lemon nan, mai haske, mai ɗan ɗaci, ba zaƙi irin na alewa. A nan ne ake gane bambancin mai kyau da na banza, gama turaren lemo mai araha yakan yi warin sabulun wanke kwanuka, wannan kuwa kamar an fere lemo yanzu a gabanka. Bayan 'yan mintoci sai labanda da rosmeri su fito, da ɗan wardi a bayansu, abin ya koma kamar ƙamshin mutumin da ya fito wanka da sabulu mai tsada ya sa farar riga da aka goge. Daga ƙarshe ƙamshin itace ne yake saura, siriri, manne da fata, sai wanda ya matso ƙwarai zai ji. Wasu matasa sukan ce ƙamshin tsofaffi ne, na shagon aski irin na dā. Ba mu ga laifinsu ba, turare ne da ya haura shekara 100, kuma bai ɓoye shekarunsa ba. Namiji yana sawa, mace tana sawa, ba a keɓe shi ga kowa ba.

To, amma har yaushe zai zauna? Nan ne gizo yake saƙar.

Kowane ƙamshi da hanci yake ji, wasu ƙananan ƙwayoyi ne da suka tashi daga jikin abu suka shiga iska. Masu sauƙi suna tashi da wuri, masu nauyi suna jinkiri. Mafi yawan man ɓawon lemun zaƙi, fiye da kashi 90 cikin 100, wani sinadari ne guda mai suna limonin, yana kuwa cikin masu sauƙi. Yana tafasa a digiri 176, alhali sinadarin da yake ba sandal ƙamshinsa sai an kai wajen digiri 300. Barasar da aka narkar da su a ciki ita tun a digiri 78 take tafasa, shi ya sa take bushewa nan da nan, tana kuma barin sanyi a fata sa'ad da take tashi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa ta wurin tsattsafo. Wannan sanyin gaskiya ne, ba ruɗin hanci ba ne, amma na ɗan lokaci ne.

Bugu da ƙari, bisa ga al'adar masu haɗa turare, abin da ake kira Eau de Cologne yana cikin masu ƙarancin mai. Na gargajiya yakan ɗauki kashi 2 zuwa 5 cikin 100, sauran duk barasa ne da ruwa. Eau de Toilette yakan kai 5 zuwa 15, Eau de Parfum 15 zuwa 20. Ba doka ba ce, kowane kamfani yana da ma'auninsa, amma tana nuna inda aka dosa. Ga mai kaɗan, ga shi mai saurin tashi. A ƙasashe masu sanyi ma an san ruwan Kolon da awa biyu zuwa uku. Ina kuma ga Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin Afrilu yake wuce digiri 40, fata ta yi zafi, gumi yana wanke abin da aka shafa? Duk yadda zafi ya ƙaru, haka ƙamshi yake ƙara saurin tashi. Lemon da ke samansa, wanda shi ne aka biya kuɗi dominsa, ba zai kai mutum daga gida zuwa wurin aiki da ƙarfinsa na farko ba idan tafiyar ta yi nisa. Mutumin Jos ko Mambila zai fi morarsa da ɗan dama. Wannan ba aibin kamfani ɗaya ba ne, halin ɓawon lemo ne, kuma babu yawan kuɗin da zai canza shi.

Za a ce mana, ai akwai turarukan lemo da suke wuni a jiki. Akwai waɗanda ake tallarsu haka, amma a saurara da kyau. Tun 1966, sa'ad da Edmond Roudnitska ya haɗa wa kamfanin Dior turaren Eau Sauvage ya sa masa wani sinadarin ɗakin gwaji mai suna Hedione, masu haɗa turare suka koyi dabarar jan hasken lemo ya yi tsawo ta wurin jingina shi da abubuwan da ba lemo ba. Yau ana amfani da miskin ɗakin gwaji da sinadarai masu ƙamshin itace da ambar, waɗanda suke kwana a riga. Ba mu ce wannan zamba ce ba, gwaninta ce, wasu ma suna da daɗi ƙwarai. Amma abin da mutum yake ji a jikinsa da la'asar ba lemo ba ne, waɗancan ne. Kuma sau da yawa su ne suke yin nauyi cikin zafi, su komar da mutum ga damuwar da ya gudu daga gare ta.

A ganinmu, wannan rashin daɗewa da ake kuka da shi yana tare da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Turaren da ba ya daɗewa ba ya takura wa kowa. Mu da muke cika majami'a maƙil ran Lahadi, kafaɗa da kafaɗa, wani lokaci ba wutar da za ta juya fanka, mun san yadda turaren mutum ɗaya yake iya hana benci guda sakat. Akwai masu ciwon fuka, akwai masu juna biyu da ƙamshi mai ƙarfi yake tayar musu da zuciya, akwai jarirai a baya. Haka yake a aji, da ɗakin jinya, da ofis. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne hanci yana sabawa da ƙamshin da yake tare da shi, bayan ɗan lokaci mai turaren ya daina jin nasa, ya ɗauka ya gudu, ya ƙara fesawa, alhali na kusa da shi suna shan wahala. Da ruwan Kolon wannan kuskure ba shi da tsada ga maƙwabci, ko an zarce, kafin a jima ya lafa. Kuma ƙamshin lemo da ganye ba ya faɗa da gumi yadda turare mai zaƙi yake yi. Ba ya rufe warin jiki, kada wani ya yi wannan zato, aikin ruwa da sabulu ne wannan. Amma a kan fata mai tsabta yana tafiya lafiya da zafi.

FATA DA RANA

Akwai wata magana da mai sayarwa ba zai faɗa ba, mu kuwa da muke ƙarƙashin wannan rana ya wajaba mu sani. Ɗanyen man bargamot yana ɗauke da wani sinadari mai suna bargaftin. Idan ya taɓa fata, sa'an nan hasken rana ya bugi wurin, yana iya ƙona ta, ta yi ja ko ta yi bororo, daga baya ta bar baƙin tabo da yake ɗaukar watanni kafin ya dushe. Tun farkon ƙarni na 20 likitocin fata a Turai suka lura da shi a wuyan matan da suka shafa ruwan Kolon suka shiga rana. Tabon yakan bi hanyar da turaren ya gangara, kamar abin wuya mai lilo, har suka sa wa ciwon suna daga kalmar da take nufin irin wannan abin wuya. Baƙar fata kuwa ta fi saurin riƙe tabo bayan kowace irin ƙuna.

Saboda wannan ne ƙungiyar masu sana'ar turare ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta ƙayyade cewa ɗanyen man bargamot kada ya wuce kashi 0.4 cikin 100 na abin da za a bari a kan fatar da rana take gani. Manyan kamfanoni suna bin wannan ƙa'ida, yawancinsu ma da man da aka riga aka cire wa bargaftin suke aiki. Don haka kwalbar asali ba abin tsoro ba ce. Abin tsoro shi ne haɗin da ba a san wanda ya yi ba, da kuma ɗanyen man lemo da wasu suke saye su shafa kai tsaye da sunan na Allah da Annabi ne, ba sinadari. Har ruwan lemun tsami na gida yana da irin wannan hali. 'Yan'uwa mata da suke goga shi a fuska ko a wuya don gyaran fata, su wanke shi sarai kafin su fita rana.

Abu na biyu, limonin idan ya daɗe yana haɗuwa da iska yakan juya ya zama wani abu da yake sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Shi ya sa dokar Tarayyar Turai ta tilasta a rubuta sunansa a jikin kwali, wanda ya duba bayan kwalin zai ga an sa Limonene da Linalool da Citral. Tsohuwar kwalbar da ta yi duhu, ƙamshinta ya koma kamar na fenti, ba ta fata ba ce kuma.

Yanzu sai batun kuɗi. Ina tsadar take? Man lemun zaƙi yana cikin mafi araha a duniya, gama rarar masana'antar matse lemo ce a Barazil da Amurka, har cikin sabulun wanke daɓe ake zuba shi. Bargamot ya fi shi tsada sosai. Wardi ya fi su duka, domin sai an tara tan 3 zuwa 4 na furen kafin a sami kilo 1 na mai. Lalle kayan kirki suna da kuɗinsu, kuma hanci yana shaida su a cikin Colonia. Amma a tuna fa mai kaɗan ne a cikin kwalbar. Babban rabon abin da mai saye yake biya yana tafiya ne ga suna, da kwalba da kwali, da talla, da hayar shago a manyan titunan Milan da Landan, da ribar dillalai, mu kuma a ƙara mana kuɗin fito da faɗuwar naira.

Don a gane haka, a dubi 'yan'uwansa. Turaren 4711 na birnin Kolon, wanda ya ɗauki sunansa daga lambar gidan da ake yin sa a ƙarshen ƙarni na 18, an gina shi a kan lemo da bargamot da labanda da rosmeri, da man fure da na ganyen lemo mai ɗaci. Ya fi Colonia saurin gudu, ba shi da wannan gindin itace, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na Colonia ba, ana kuma sayar da shi cikin manyan kwalabe domin a kwarara. A ƙasar Turkiyya kuwa, ruwan lemo da suke kira kolonya kayan kowane gida ne, ana zuba wa baƙo a tafin hannu da ya shigo, ana zubawa a motar safa da gidan abinci. A 2020, lokacin annobar korona, mutane suka yi ta layi a kansa saboda yawan barasar da ke cikinsa tana tsabtace hannu. Su Turkawa sun riƙe ainihin ma'anar abin, ruwa ne na wartsakewa da ake maimaitawa sau da yawa a yini, ba wanda yake tsammani ya kai shi dare.

Mu kuwa tarbiyyar hancinmu dabam ce. Mun tashi da turaren wuta da kajiji da humra, da Bintu Sudan, wanda kamfanin W. J. Bush na Landan ya fitar a 1920, aka kuma daɗe ana ɗura shi a kwalba a Kano. Waɗannan na mai ne ko na hayaƙi, suna kama tufa su kwana biyu. Don haka a wurinmu ma'aunin turare mai kyau shi ne ya kama jiki, a wuce a bar ƙamshi a baya. Wanda ya auna Colonia da wannan mudu zai ce an cuce shi, alhali ba don wannan aka yi shi ba.

Sai a yi hattara da jabu, gama duk abin da ya yi suna yana da inuwa a kasuwa. Idan aka ce maka ga Acqua di Parma a kuɗin da bai kai rubu'in na shago ba, ka san amsar. A duba lambar da aka buga a gindin kwalba, ta yi daidai da ta jikin kwali. A duba rubutu ko akwai harafin da ya karkace. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ce take da alhakin rajistar kayan shafe shafe da ake shigowa da su, ba laifi ba ne mai saye ya tambaya. Haɗarin jabu ba asarar kuɗi kaɗai ba ne, ba wanda ya san irin barasar da aka zuba ko ƙa'idar da aka bi. Su kuma masu auna turaren mai a ƙananan kwalabe da sunayen manyan kamfanoni, yawancinsu ba sa ɓoye cewa kwaikwayo ne, sai dai lemo ba ya tashi cikin mai yadda yake tashi cikin barasa, wannan sanyi da haske na farko ba za a same su a can ba.

To, mene ne hukuncinmu? Colonia turare ne mai kyau, mai kunya, wanda ya dace da zafi fiye da yawancin abin da ke kan kanta. Wanda Allah ya hore wa, yana da wasu turaruka, yana neman na safiya da na bayan wankan yamma, ko aikinsa na cuɗanya da jama'a ne a ɗaki rufaffe, zai ji daɗinsa. Amma wanda kwalba ɗaya tak zai iya saye a shekara, ko saurayin da yake harhaɗa kayan aure yana so a ga ya yi bajinta, ba mu ba shi shawara ba. Turaren da amfaninsa yake cikin maimaitawa, kuɗinsa kuma yake hana a maimaita, ya sa mai ƙaramin ƙarfi cikin tsaka mai wuya. Zai riƙa tattalinsa, yana fesa sau ɗaya da safe, kafin hantsi ba abin da ya rage. Gara ya sayi ruwan Kolon mai sauƙin kuɗi na kamfanin da aka sani, babbar kwalba, ya yi ta kwararawa hankali kwance.

Wanda duk da haka ransa ya biya, kada ya yanke shawara cikin shago mai na'urar sanyi, kuma kada ya dogara da 'yar takardar da ake fesa wa turare a miƙa masa. Ya roƙa a fesa masa a hannu, ya fita cikin gari ya yi harkokinsa, ya sansana bayan minti 15, da bayan awa 1, da bayan awa 3, ya kuma tambayi na gida ko suna ji, tun da nasa hancin ya riga ya saba. Idan ya saya, ƙaramar kwalba ta fi, domin ta ƙare kafin ta lalace. Fesawa a rigar auduga daga ɗan nesa tana sa ya ƙara jimawa, tufa ba ta da zafin fata, ta kuma raba shi da batun rana, sai dai a fara gwadawa a cikin kalmasa idan farar shadda ce ko siliki. Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, ɗan man shafawa marar ƙamshi kafin a fesa yana taimakawa, musamman da hunturu.

Wurin ajiya kuma ba ƙaramin abu ba ne, gama zafi da haske da iska su ne suke kashe man lemo tun yana cikin kwalba. Aljihun mota da bakin taga da saman talabijin duk ba wurinsa ba ne. Firiji yana da kyau ga wanda wutarsa take tsayawa, amma inda ake ɗaukewa ana kawowa, sanyi da zafi suna ta musanya, gara a hakura da shi. A mayar da kwalbar cikin kwalinta na rawaya bayan kowane amfani, a rufe murfin da kyau, a sa ta can ƙasan akwatin tufafi, a ɗakin da rana ba ta bugun bangonsa da yamma.